Sharhabil da Bel ɗin Alhaji Ubaidu

Duk wanda ya san bakin kogi ta wajen Malali ya san Sharhabil Nuhu. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, yana neman shekara sittin amma har yanzu in ya riƙe filafili sai ka rantse ɗan arba'in ne. Mahaifinsa masunci ne daga Yauri, ya biyo kifi har ya yada zango a Kaduna, ya yi aure, ya mutu a nan. Abin da ya bar wa Sharhabil bai wuce kwale-kwalen katako guda ɗaya ba, sai sanin ruwa. Wannan sanin kuwa ba kaɗan ba ne. Yakan dubi launin kogi da safe ya gaya maka an yi ruwa a can sama jiya ko ba a yi ba. Ya san kowane dutse da ke ɓoye, ya san inda ruwa ke juyawa ya ja mutum ƙasa.

A ƙuruciyarsa fito yake yi. Manoma da mata masu kai kayan miya kasuwa duk ta hannunsa suke tsallakewa. Da gadoji suka yawaita, fito ya mutu, sai ya koma kamun kifi da ɗauko wa masu ɗibar yashi kaya. Abu ɗaya ne bai canja ba: in mutum ya faɗa kogi, gidan Sharhabil ake rugawa. Ya fito da masu rai, ya fito da gawarwaki, bai taɓa cewa a ba shi ko ruwan sha ba. Abin da yake so kawai a san shi ne ya yi. In an yi zancen kogi a majalisa ba a ambaci sunansa ba, ranar ba ya cin tuwo da daɗi.

Shekara shida da suka wuce wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Aziza Lawal ta zo nemansa. Injiniya ce, aikinta auna tashin ruwa da ƙarfin gudunsa da damina, don a gargaɗi mutanen bakin kogi kafin ambaliya ta same su. Ɗaya daga cikin wuraren da take aunawa yana ƙasa da inda masunta ke kira Tafasa, inda kogin ke matsewa tsakanin duwatsu, ruwa ya yi ta tsalle yana farin kumfa kamar tukunya a kan wuta. Babu mai shiga Tafasa a watan Agusta sai Sharhabil. Shi ke kai ta, shi ke dawo da ita. Tana ce masa Baba, yana ce mata Injiniya, kuma duk baƙon da ta kawo daga ofis sai ta nuna shi ta ce, "Wannan shi ne mai kogin." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana gyara igiya, amma maganar takan kai shi mako guda yana jin daɗinta.

A bara ne ofishinsu ya ce ba za a ƙara saka ma'aikaci a jirgin katako mai yoyo ba. Aka kawo wani kwale-kwalen roba ja, mara nauyi, mutum biyu suna iya ɗaga shi da hannu ɗai-ɗai. Aka haɗo da rigunan kariya da hulunan kwano. Sharhabil ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wannan ai bahon wanka ne."

Duk da haka ya shiga don ya gwada, shi kaɗai, masu ɗibar yashi suna kallo. Ko bakin Tafasa bai kai ba igiyar ruwa ta daki jirgin ta gefe. Da na katako ne, da ya tsaya daram da nauyinsa. Wannan kuwa zillo ya yi, ya cilla Sharhabil waje kamar an watsar da ƙwallon mangwaro. Ya yi iyo ya fito, jirgin ma bai kife ba. Ba wanda ya yi masa dariya a fili, amma ya ga yadda suka juya fuska suna tari.

Aziza ta kira shi gefe ta nuna masa wani bidiyo a wayarta. Masu irin wannan jirgi ba zama suke yi ba, durƙusawa suke yi, gwiwoyinsu a kan wani abu mai taushi, cinyoyinsu a ƙarƙashin maɗauri da aka kafe a ƙasan jirgin. Ta haka mutum da jirgi ke zama abu guda, in ya karkata jirgin ya bi shi.

"Namu ba a haɗo shi da maɗaurin ba, Baba. Sai mun nemi wanda zai yi mana."

"In dai ɗauri ne ai ga igiya," in ji Sharhabil.

"A'a, ba igiya ba. Ɗinki ake yi, mai ƙarfi."

Da ya koma gida ya ba matarsa Mero labari, yana mita. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To Malam, ai sai a kai wa Alhaji. Wane ɗinki ne zai gagare shi?"

Alhajin da take nufi ƙanenta ne, Ubaidullah. Sharhabil ne ya ɗauko shi daga Zariya yana saurayi, ya ba shi ɗaki a zaurensa, ya kama hannunsa ya kai shi Doka wurin wani mai ɗinkin kujerun mota ya ce a koya masa sana'a. Yau Ubaidullah yana da shagonsa na kansa mai ƙofa biyu, manyan ma'aikata na kawo masa motocinsu, ya je Makka har sau biyu. Mutum ne mai ladabi, in ya zo gidan sai ya durƙusa ya gaida Sharhabil, ya ce Yaya. Wannan ladabin ma yana cikin abin da ke ƙona wa Sharhabil rai, domin bai bar masa wurin da zai kama ya ce ga laifinsa ba. Duk Malali ana cewa Alhaji Ubaidu. Sharhabil kaɗai ne ke cewa Ubaidu tsurarsa.

Bai kai maganar ga Aziza ba. Mero ce ta kai, domin matan biyu sun saba, suna waya. Bayan kwana biyu aka ɗora jan jirgin a bayan a-kori-kura aka nufi Doka da shi.

Da aka gama ɗinkin, ran nan da hantsi Aziza ta ɗauki Sharhabil a mota su je su ga aikin. Tun daga nesa ya hango jirgin a gaban shago, an ɗora shi kan benci biyu, mutane sun kewaye shi. Ubaidullah na tsaye yana yi musu bayanin yadda ake bi ta cikin ruwa mai ƙarfi, yana kwatantawa da hannu. Mutumin da ko rafin da ya kai gwiwa bai taɓa tsallakewa ba! Wani direba ya ce, "Kai, Alhaji, ashe har harkar jirgin ruwa ka sani?"

Aikin kuwa ya yi kyau, babu ƙarya. Ubaidullah ya manna soso mai kauri inda gwiwa za ta sauka, ya lulluɓe shi da baƙar leda, ɗinkin a miƙe kamar an ja da ruwula. Maɗaurin cinyar bel ɗin mota ne sabo fil, guda biyu, kowane da bakinsa na ƙarfe mai jan maɓalli. Aziza ta shiga ta durƙusa, ta tura bakin bel ɗin ya ce ƙas, ta danna maɓalli ya buɗe. Ta sake, ya sake buɗewa. Ta yi murmushi ta ce, "Malam Ubaidu, Allah ya yi wa hannunka albarka. Ka cece mu."

"Yaya, ya ka gani?" in ji Ubaidullah.

Sharhabil ya gani. Tun kallon farko ya gani. Soson kujera ruwa yake sha, kafin a kai Tafasa zai yi nauyi ya soma santsi. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne bakin bel ɗin. Ruwan Agusta rabinsa yashi ne, yana shiga ko'ina, ya taɓa ganin ya cushe kwaɗon da ke kulle sarƙar jirginsa har sai da aka fasa shi. In yashi ya shiga cikin wannan ƙarfe, jirgi ya kife, mutum yana rataye kai ƙasa nauyinsa na jan bel ɗin, wa ya ce maɓallin zai dannu? Kuma guda biyu ne, sai ka lalubo na dama ka lalubo na hagu, a cikin ruwan da ba ka ganin tafin hannunka.

Ya buɗe baki zai faɗa. Sai ya dubi fuskar direban nan, ya dubi Aziza da ke ta shafa ledar. In ya yi magana yanzu cewa za a yi baƙin ciki yake yi. Kuma da ya duba zuciyarsa sai ya tarar ba za a yi masa ƙarya ba.

"Ya yi kyau," ya ce.

Aka sa ranar Asabar za a saka jirgin a ruwa. Kwana ukun da ke tsakani Sharhabil bai ji daɗinsu ba. Yana gyaran taru a gindin mangwaron ƙofar gida, yana saƙa da warwara. Wani sashe na zuciyarsa na cewa a bar su su gani da idonsu, su san ɗinkin kujera daban, kogi daban. Har ya tsara abin da zai yi: shi ba zai ɗaura nasa bel ɗin ba, zai ɗora shi a cinya kawai don a ga kamar ya ɗaura. Ya daɗe yana jin daɗin wannan dabara kafin ya lura da abin da take nufi. Shi zai zauna a baya a sake, Aziza kuma tana gaba a ɗaure. Yarinyar da ke kawo masa maganin ciwon baya, wadda ta zo ta'aziyyar ƙanwarsa ta wuni. Allurar tarun ta faɗi daga hannunsa. Ya yi istigfari ya tashi ya yi alwala, ko da yake lokacin salla bai yi ba.

Amma bai je Doka ba. Ya yi niyya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ya shigo gida ya tarar Mero na waya da wata 'yar'uwarsu tana cewa, "Ai Alhaji yanzu har jiragen gwamnati yake haɗawa." Ya juya ya fita, ya koma gindin mangwaro.

Asabar da safe bakin kogi ya cika. Masu ɗibar yashi sun bar aiki, ga abokan aikin Aziza biyu, ga Ubaidullah cikin farar shadda da hula zanna, ya tsaya can nesa da laka yana tattare bakin wando. Ruwa ya yi ja, yana gudu da ƙarfi, daga nan ana jin rurin Tafasa. Aziza ta sa rigar kariya, ta ɗaura hular kwano a kan ɗankwalinta, ta shiga gaban jirgi ta durƙusa. Sharhabil ya ji ƙarar bel na farko. Ya ji na biyu.

"Injiniya, fito," ya ce.

Ta waiwayo. "Lafiya, Baba?"

"Fito tukuna. Ba a shiga babban ruwa da abin da ba a gwada a ƙarami ba."

Ya ja jirgin zuwa wani lungu da ruwa ke kwance, zurfinsa iya ƙirji. Ya soke 'yar wuƙarsa a ƙugu, ya shiga, ya ɗaura bel biyun, ya ja numfashi ya kifar da jirgin da kansa. Ya laluba, ya danna, ya danna, ya fito. Mutane suka yi tafi. Wani ya ce, "Aikin Alhaji ai ba wasa!" Ya juya jirgin ya sake shiga. Karo na biyu ma ya buɗe, sai dai na hagun ya ɗan yi gardama. Kunya ta soma kama shi. Idan abin bai cije ba, ya zama tsohon da ya tara jama'a don ya kushe surukinsa ya kasa. Har ya ji yana fatan ya cije.

Karo na uku ya cije.

Na dama ya buɗe, na hagu ya ƙi. Ya danna da babban yatsa, ya danna da biyu, maɓallin kamar an zuba masa siminti. Ya zaro wuƙa, jirgin ya juya da shi, gwiwar hannunsa ta bugi gefe, wuƙar ta suɓuce. Ya yi ƙoƙarin zare cinyarsa, bel ɗin ya hau har kusa da ƙugu, ya riƙe shi tamau. Shekara hamsin yana shiga ruwa, bai taɓa sanin yadda waɗanda yake cirowa ke ji ba sai ranar. Ƙirjinsa ya ɗauki wuta. Ya daki cikin jirgin da hannu.

Mutanen gaɓa sun ɗauka wasa yake yi, saboda sun san yana iya daɗewa a ƙasa. Ubaidullah ne ya fara gane ba lafiya ba. Ya faɗa ruwan nan da shaddarsa da takalminsa, yana salati da ƙarfi, ruwa har wuyansa don shi gajere ne. Ya sa kafaɗa ya ɗaga gefen jirgin har fuskar Sharhabil ta fito ya shaƙi iska, sannan ya zaro almakashin da ba ya rabuwa da aljihunsa ya datse bel ɗin. Kafin nan sauran sun iso.

Aka kwantar da Sharhabil a kan yashi yana tari yana amayar da ruwa. Abin da ya fara shiga kunnensa da hankalinsa ya dawo shi ne muryar wani mai yashi yana gaya wa waɗanda suka iso a makare: "Wallahi ba don Alhaji ba da yau Sharhabil ya tafi." Ya rufe ido. Da yana da ƙarfi da ya koma ruwan.

Da jama'a suka ragu, Ubaidullah ya zo ya tsuguna kusa da shi, hularsa ta tafi da ruwa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji.

"Yaya, tun ranar da ka zo shago ka san haka za ta faru, ko?"

Sharhabil ya ce, "Na yi zato."

"Me ya hana ka gaya mini?"

Sharhabil ya kau da kai wajen kogi. Ubaidullah ya share fuska da hannun rigarsa ya ce, "Ni kujera na sani. Bel ɗin mota an yi shi ne don kada ya saki mutum. Ban taɓa tunanin akwai inda ake son ya saki ba. Ka zo ka nuna mini, don Allah."

Ranar Litinin Sharhabil ya je Doka da ƙafarsa. Kwana huɗu suka yi a kan jirgin. Ya sa aka ɓamɓare soson, aka manna irin robar da ake yin silifas da ita, wadda ba ta shan ruwa. Aka jefar da bakunan ƙarfen. Ya ce maɗaurin ya zama guda ɗaya, ya bi ta kan cinya biyu ya ratsa zoben da ke ƙasan jirgi a tsakiya, abin da zai riƙe shi kuma ya zama ja ɗaya ya warware duka. Suka gwada dabara uku kafin Ubaidullah ya gano yadda zai naɗe bakin maɗaurin ya soke shi da ɗan sandan roba mai santsi, da 'yar gajeriyar igiya mai ƙwallo a kai, dab da cibiyar mai tuƙi, inda hannu zai same ta ko ido a rufe. Sharhabil ya ce bai isa ba.

"In mutum ya ruɗe ya manta da ƙwallon fa? A sauko da maɗaurin kusa da gwiwa, kada ya hau sama. Ko bai ja komai ba, in ya miƙe ƙafa ya tura baya, ya zame ya fita."

Ya sa aka ɗaga sandar da ta gitta jirgin don kada diddige ya maƙale a ƙarƙashinta. Ya sa aka yanke duk wata igiya da ke reto. Aka cusa jarkoki marasa komai a gaba da baya, aka ɗaure su tsaf, don ko ya cika da ruwa kada ya nutse. Ubaidullah bai yi masa musu ko sau ɗaya ba, sai dai ya ce, "To, Yaya." Duk wanda ya leƙo ya yaba, sai Ubaidullah ya nuna Sharhabil ya ce ga mai aikin nan. Mutane su dubi tsohon da ke zaune a kan taya, su gyaɗa kai, su koma su ci gaba da yabon Alhaji, har da ƙarin cewa ga shi ba ya da girman kai.

Kafin Aziza ta shiga Tafasa, sai da Sharhabil ya kifar da ita sau goma a lungun nan, yana tsaye a ruwa kusa da ita. Biyar ta ja ƙwallo, biyar ya hana ta ja. A na ƙarshe ta fito tana dariya tana furzar da ruwa ta ce, "Baba, kai da mugunta!"

Daminar nan sun ratsa Tafasa sau goma sha ɗaya. A cikin Satumba, ranar da ruwa ya fi kowace rana cika, wani kututture ya dake su suka kife a tsakiyar kumfa. Kafin Sharhabil ya ɗago kai ya neme ta, tana sama, ta riƙe gefen jirgi da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana rungume da jakar na'urarta ta auna ruwa.

Bayan damina ofishinsu ya buga ɗan littafin rahoto mai hotuna, Aziza ta kawo masa guda har gida. Ya buɗe shafin da ta nuna. Ga jan jirgi a cikin farin ruwa, ga ta a gaba, ga shi a baya an ɗauko shi ta ƙeya, ba a ganin fuskarsa. Ya ce Mero ta karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa. Ta karanta: sunan Aziza, sai godiya ga Alhaji Ubaidullah na Doka wanda ya ƙera maɗaurin.

Aziza ta rikice. "Wallahi Baba na ba su sunanka. Masu bugawa ne suka yanke."

"Ba komai, Injiniya," ya ce. Ya raka ta har mota.

Da ya dawo ya zauna ya sake buɗe shafin, ya daɗe yana kallo.

"Ko fuskata ba su iya ɗauka ba," ya ce.

"Haba Malam," in ji Mero, "wa zai ga wannan kafaɗar a Malali ya ce bai san mai ita ba?"

Ya yi tsaki. Amma ya kawo littafin kusa da ido ya ƙara dubawa, ya kuma karkata shi wajen haske. Can ya tambaye ta ko akwai leda mai kyau a ɗaki, kada damshi ya taɓa shi. Ta miƙo masa. Yana naɗewa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, wai ya ji masunta biyu daga Rigasa sun je wurin Ubaidu a yi musu irin maɗaurin. Ya ce ta gaya wa ƙanen nata kada ya kuskura ya ba kowa sai an kawo bakin kogi shi Sharhabil ya kifar da jirgin da kansa tukuna.